Ƙofar da Injiniya Ya Ɓoye

Likita bai gama kwance abin awon jini daga damtsen Injiniya ba aka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka danna hon sau biyu.

"Jinin ya hau sosai," in ji Likita. "Ka ce musu su dawo gobe."

"Irinsu ba a ce musu gobe. Miƙo min kwamfutar."

Likita dai ba likita ba ne, kemis gare shi a shagon da ke jikin gidan hayar. Shi ma Injiniya bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, shafukan intanet yake gina wa mutane. Shekara tara ɗakunansu na kallon juna, kowa na kiran ɗan'uwansa da muƙamin da ba shi da takardarsa. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da Injiniya wata huɗu da suka wuce, Likita kan ja ƙofar shagonsa safe da yamma ya leƙo shi.

Mai Makaranta, wanda Injiniya ya gina wa makarantarsa shafi, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi cika ɗakin. Sakatariyarsa na biye da shi, rungume da littafin rubutu. Kujera ɗaya ce a ɗakin, Likita ya tashi ya ba shi.

"Sannu da jiki, Injiniya. Ai ka samu sauƙi, ga fuska nan ta ciko."

Likita ya kau da kai. Kumburi ne, ko yaro ya gani zai gane.

"An gama aikin, ranka ya daɗe," in ji Injiniya, ya ɗora kwamfutar a kan filo ya juya musu ita.

Abin da ya kawo aikin kuwa, a zangon da ya wuce ne wasu 'yan aji shida suka ga gurbin rubuta suna da kalmar sirri a saman shafin makarantar, suka yi ta gwadawa har suka dace, domin Mai Makaranta lambar motarsa ya sa. Suka cire hotonsa suka sa na wani bunsuru sanye da tabarau. Kwana biyu bunsurun ya yi yana yi wa iyayen yara barka da zuwa. Tun daga ranar Mai Makaranta ya rantse sai an ɓoye ƙofar nan, amma kuma yana so ofishinsa ya riƙa sauya sanarwa ba sai an nemi kowa ba.

"Ga shi, na cire gurbin daga fuskar shafin," in ji Injiniya, yana magana yana hutawa. "Duk wanda ya bi tsohon adireshin, za a ce masa babu irin wannan shafi. Ƙofar tana nan, amma na mayar da ita wani lungu. Sai wanda ya san adireshin zai gan ta." Ya miƙa wa sakatariya wata 'yar takarda. "Ke nan za ki bi. Za ki iya sauya sanarwa, ki sa hotuna, ki gyara ranar komawa bayan hutu. Ginin shafin ne kawai ba za ki iya taɓawa ba, don kada hannu ya zame a rushe komai."

Ya sa ta gwada a gabansa har sau uku. Ta yi kuskure, ya gyara mata a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"To ginin wa ke taɓa shi?" in ji Mai Makaranta.

"Ni, ranka ya daɗe. Babban makullin yana wurina."

"Shafin nawa ne ko naka?"

"Naka ne mana."

"To ka gani." Mai Makaranta ya dubi ƙafafun Injiniya da suka yi suntum a ƙarƙashin zane, ya daɗe yana kallonsu. "Ba fata nake yi ba. Amma rai a hannun Allah yake, ni kuma ina da ɗalibai ɗari shida."

"Zan rubuta in bar wa Malama, in ta kama."

Malama matar Injiniya ce, kuma ita ke koyar da aji biyu a makarantar. A lokacin ma tana can.

"Ka tuna min da ita," in ji Mai Makaranta yana gyara hula. "Kwana goma sha ɗaya ta yi fashi a zangon nan. Iyaye sun fara magana, ni ne dai nake tare mata."

Injiniya ya karɓi biro daga hannun sakatariya. Ya rubuta babban makullin a bayan takardar.

Da motar ta tashi Likita ya kasa haƙuri.

"Wallahi da na san abin da ya kawo shi ke nan, da na ce masa cutar ana ɗauka."

Injiniya ya yi dariya har ta zame masa tari. Da ya lafa ya ce, "Zo ka ga wani abu." Ya gangara can ƙasan shafin, inda wani siririn layi yake da ƙananan baƙaƙe, an rubuta wanda ya gina shi, ga cikakken sunansa da lambar wayarsa. "Kai kana da allo a ƙofar shago. Ni wannan ne allona. Lokacin da na fara musu, aji uku gare su, rufin ma na yoyo. Ni na ɗauki hotunan, ni na san ta inda zan tsaya kada bokitin tarar ruwan ya fito. Shekara bakwai ke nan. Duk aikin da na samu a garin nan ta layin nan ya zo."

"To sai ka miƙa masa makulli don ya harare ka."

"Don Malama, Likita. In na tafi, aji biyun nan ne abin da ta mallaka."

"Daina wannan maganar. Ina za ka da ƙafafun nan?"

Bayan kwana biyar, da hantsi, Likita na ƙirga wa wata mata ƙwayoyi wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ne, daga ɗakin da bai fi taku ashirin ba. Ya sallami matar ya shiga.

Ya tarar da shi a jingine da bango, kwamfuta a cinya.

"Sun rubuta za a koma makaranta ranar talatin da ɗaya ga watan da ke da kwana talatin," in ji Injiniya. "Na ce bari in shiga in gyara musu kafin iyaye su gani. Duba."

Ya rubuta adireshin da ya ƙirƙira da hannunsa. Farin shafi ya fito, da rubutun da shi ma shi ya tsara: babu wannan shafi.

"Wataƙila ka yi kuskuren harafi," in ji Likita.

"Na rubuta sau tara. Sun sake matsar da ƙofar." Ya gangara ƙasan shafin. Siririn layin na nan, amma sunan wani kamfani ne a kai, mai ɗauke da sunan babban ɗan Mai Makaranta, wanda bai daɗe da gama jami'a ba.

Injiniya ya kira sakatariya ya sa wayar a amsa-kuwwa. Ta gaishe shi da jiki cikin ladabi, ta ce umarni ne daga sama, ita ba ta da ta cewa. Ta ce an cire sunansa daga masu shiga ne don tsaro, wai ba a san hannun da kwamfutarsa za ta faɗa ba nan gaba.

"Haka ne," in ji shi. "To ki gyara ranar komawa. Watan da kuka sa ba shi da talatin da ɗaya."

Ya kashe wayar, ya rufe kwamfutar a hankali, ya ture ta gefen katifa.

"Ka ga sun iya," ya ce. "Ashe na iya koyarwa."

Likita ya matso kusa da katifar. Ya ɗauko abin awon jini, Injiniya ya janye hannunsa.

"Bar shi yau."

Daga ranar bai sake buɗe kwamfutar ba. Abinci ma sai Malama ta yi da gaske yake karɓar cokali biyu. In Likita ya zo da zolaya, ya kira shi injiniyan da bai taɓa riƙe sufana ba, sai ya yi murmushi kawai, ba ya ramawa. Wannan ya fi komai tayar wa Likita hankali.

Ranar Alhamis Malama ta tsaya a bakin shago da jakarta a kafaɗa, ƙarfe bakwai saura.

"Baban kemis, numfashinsa bai yi min ba yau. Amma an ba ni takardar gargaɗi jiya. In na sake fashi..."

"Je ki, Malama. Ina nan."

Wajen sha ɗaya numfashin ya fara sarƙewa. Likita ya aika a nemo tasi, ya kira lambar Malama, a kashe. Ya kira ofishin makaranta. Sakatariya ta ce dokar makaranta ce, wayoyin malamai na cikin durowa har a fita hutun tara na biyu, amma za ta aika a faɗa mata da zarar an kaɗa ƙararrawa.

"Ki shiga ajin yanzu ki fito da ita. Mijinta ne ke tafiya."

"Bari in tambayi Mai Makaranta, yana ganawa da baƙi."

Likita ya jefar da wayar a kan katifa, ya tallafo kan Injiniya ya ɗora a ƙirjinsa, yana karanta masa kalmar shahada a kunne. Leɓɓan Injiniya sun motsa tare da nasa sau biyu. A tsakar gida wata maƙwabciya na wanke-wanke, ana jin ƙarar kwanuka. Mai tasi ya iso ya yi ta hon a waje, babu wanda ya fita. Da Malama ta faɗo ɗakin da ƙurar alli a hannayenta, Likita ya riga ya ja zanen ya rufe masa fuska.

An kai shi kafin la'asar. Makaranta ta aiko malamai biyu ta'aziyya, suka ce Mai Makaranta ya yi tafiya.

Bayan mako guda Likita ya sa rigarsa mai kyau, ya rufe shago ya tafi makarantar. Ya yi zaman awa ɗaya a benci kafin a shigar da shi. Abin da ya roƙa bai da yawa: layi biyu a shafin, a ce wanda ya gina shi ya rasu, a yi masa addu'a.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne," in ji Mai Makaranta. "Amma shafin nan iyaye ke dubawa, masu neman inda za su sa 'ya'yansu. Ka buɗe ka ci karo da mutuwa? Ka duba mana."

Likita ya miƙe. A bakin ƙofa wani saurayi mai ɗaure da agogo mai tsada ya tare shi, ya ce shi ne ɗan Mai Makaranta.

"Baba, kai ne maƙwabcinsa ko? Wurin duba sakamakon jarrabawa ya tsaya tun shekaranjiya, na rasa yadda ya haɗa abin. Kwamfutarsa na nan? Ko ya bar wani rubutu?"

Likita ya dube shi tun daga takalmi har gashin kai.

"Ba sunanka ne a ƙasan shafin ba?"

Ya wuce bai jira amsa ba. Hanya duk yana jin daɗin maganar, har ya iso gida ya ga Malama zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, kwamfutar na gefenta a cikin jaka, an naɗe wayar cajin an ɗaure da roba.

"Sun kira ni," ta ce ba ta ɗago ba. "Direba zai zo ya karɓa."

"Malama, kada ki ba su. Ko cikinta ba su da haƙƙin gani."

"Sun ce za su riƙe min ajina har in fita takaba." Ta ja bakin mayafinta. "Baban kemis, akwai abin da ban faɗa masa ba. Wata ranar Litinin, kafin shi ya ga an sauya sunansa a shafin, an tara mu malamai. Aka tsayar da ɗan Mai Makaranta, aka ce shi ya toshe ƙofar da 'yan aji shida suka bi, shi ya tsare mana shafi. Aka ce a tafa masa." Ta buɗe tafukanta tana kallonsu. "Ina layin gaba. Na tafa. Na dawo na dafa masa ruwan wanka da hannuwan nan."

Likita ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar. Suna nan zaune direban ya yi sallama. Malama ta tura jakar da yatsunta zuwa bakin tabarma, direban ya ɗauka, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya fita.

Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata baƙar leda ta ajiye a gabansa.

"Ragowar magungunansa ne. Wasu ko ɓarewa ba a yi ba. Ko wani zai buƙata."

Ya karɓa ya koma shago. Bai buɗe ƙofar duka ba, ya bar ta rabi. Ya zazzage ledar a kan kantar shagon, ya sa tabarau, ya shiga ɗaga kwalayen ɗaya bayan ɗaya wajen hasken da ke shigowa, yana duba ranar lalacewarsu kamar yadda ya saba. Dukkansu da sauran lokaci, mafi kusa ma sai nan da shekara biyu. Ya jera su a gefe guda, ya zauna. Wata yarinya ta leƙo tana tambaya ko an buɗe, bai ji ta ba sai da ta maimaita.