Motar da Kabo Ya Sa wa Igiya a Hanci

A shekarun da sojojin da suka je yaƙin Bama suka dawo gida, Nasara na kan mulki, akwai wani maƙeri a Gaya ana ce da shi Kabo. Garma yake ƙerawa da lauje da fartanya kamar kowane maƙeri, amma zuciyarsa ba a nan take ba. Shi ne ya taɓa yi wa wani gurgun zakara ƙafar ƙarfe, zakaran ya yi wata biyu yana ƙwas-ƙwas a tsakar gida kafin muzuru ya ɗauke shi.

Ran nan, damina ta kusa ƙarewa, sai ga bijimai huɗu sun jawo wata ƙaramar motar kaya har ƙofar maƙerarsa, hancinta na jan ƙasa. Motar ta Malam Umara ce, Babarbare mai sayen gyaɗa, wanda kakanninsa suka daɗe da zama a Ajingi. Ta faɗa kwazazzabo ne kusa da Balan, sifirin ɗin gaba, wato falle-fallen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya kakkarye, ƙarfen da ke kai saƙon sitiyari zuwa tayoyi ya tsinke. Bakanike a Kano ya ce sai an aiko da sabo ta jirgin ruwa, wata shida.

Kabo bai gama zagaya motar ba sai ga Sarkin Maƙera ya dogaro sandarsa.

"Kabo, ƙarfen Nasara ba namu ba ne," in ji shi. "In ka taɓa shi ya kashe mutum, sunan maƙeran Gaya ne zai ɓaci, ba naka kaɗai ba."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe ai ƙarfe ne. Duk wuta yake tsoro."

"To, na ji. Ranar da ka gama, motar nan za ta je Gafasa ta dawo da ƙafarta kafin magariba, kana ciki. In ba ta dawo ba, ka kashe wutarka, ba ka ƙara dukan ƙarfe a garin nan."

Kabo ya dubi uwar maƙerar da ya gada daga kakansa, ya dubi motar, ya ce ya yarda.

Aka ɗora gabanta a kan turame biyu. Kwana goma sha ɗaya yana ƙarƙashinta. Ya samo sifirin wata tsohuwar motar soja da ta mutu a bakin hanya, ya gasa, ya lanƙwasa, ya jera falle bakwai a inda dā ake da huɗu, har gaban motar ya ɗaga sama da taƙi guda, ta tsaya kamar raƙumi mai shirin tashi. Sai dai da ya zo mayar da ƙarfen sitiyari a mazauninsa na asali, bayan tayoyi, ya tarar sabon sifirin ya tare wurin. Ya zauna yana kallon bijimin maƙwabcinsa. Can ya yi dariya shi kaɗai. Wane mai hankali ne ke jan sa ta wutsiya? Igiya a hanci take. Ya ƙera wa tayoyin sababbin hannuwan ƙarfe biyu masu kallon gaba, ya ɗaura ƙarfen a gaban tayoyin, yana mamakin yadda Nasara da duk wayonsu suka kasa gane wannan.

Ya kira direban, wani Bafillace siriri mai suna Tukur, ya ce ya shiga ya murɗa. Shi kuwa ya tsuguna a gaban motar suna fuskantar juna, yadda ake duba bijimi.

"Yi dama!" Tayoyi suka karkata wajen hannun daman Kabo. "Yi hagu!" Suka koma wajen hagunsa. Kabo ya ce alhamdu lillahi, aka janye turame.

Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa. Tukur ya zauna a kan sitiyari, Kabo a gefensa, Malam Umara ya hau baya ya riƙe ƙarfen bodi. Aka murɗa inji ya tashi. Suka miƙe sumul, jama'a na bin su da kabbara, har suka kai inda hanyar Ajingi ta karkata dama.

Tukur ya murɗa dama. Mota ta yi hagu.

Ya ƙara murɗawa da ƙarfi, ta ƙara yin hagu, ta nufi rumfar wata mai tukwane da ake kira Hansai. Kafin ƙafarsa ta sami birki sun bi ta kan randuna shida da tulu ba adadi, sun tsaya hancin motar na cikin dangar karan gero.

Kasuwa ta yi tsit. Ba ka jin komai sai wani murfin tukunya da ke ta juyawa a ƙasa.

"Inna lillahi!" in ji Tukur, hannuwansa a sama kamar sitiyarin maciji ne. "Baba Kabo, na ce mata dama ta ce mini hagu! Wallahi akwai mutanen ɓoye a ciki!"

Malam Umara ya leƙo ta baya, hularsa ta ɓace. "Kai Bafillace, dā ma na san daga saniya ba abin da ka iya korawa."

"Kai dai Babarbare, sauko ka kora, in ga ko da Barbarci take ji!"

Hansai kuwa ta dafa ƙugu a cikin tsingaro. "Kabo, zakara bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ni? Allah ya isa tsakanina da guduma!"

Kabo bai ji ko ɗaya ba. Bakinsa a buɗe, gumi na bin gemunsa. Yanzu ya gane: da ya tsuguna a gabanta, damansa hagunta ne. Ya hango Sarkin Maƙera tsaye a gindin tsamiya, ya ɗaga kai ya dubi rana. Hantsi ya riga ya dubi ludayi. Sake ƙira kwana uku ne.

"Tukur, ɗana, ja baya mu tafi. In kana son dama, ka yi hagu."

Tukur ya gwada. Amma hannun da ya shekara tara yana tuƙi ba ya jin magana. Da ya ga rami sai ya kauce irin ta dā, motar ta faɗa ramin dai-dai. Kafin su bar gonakin Gaya sun tumɓuke kunya uku ta dawa. Ya taka birki ya fashe da kuka, ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana.

Kabo ya dubi hannuwansa masu kanta. Su ba su taɓa riƙe sitiyari ba, ba su da abin da za su manta.

"Matsa jikin ƙofa. Kai ka riƙe ƙafafu da giya, ni in riƙe hanci."

"Baba Kabo, ko keke ka taɓa hawa?"

"Ban taɓa ba. Taka."

Haka suka tafi, mutum biyu a kujera guda, ɗaya na taka totur yana salati, ɗaya ya rungume sitiyari idanu a zazzare. Abin da ya ƙara firgita su shi ne motar ba ta tsoron komai. Yashin da ke kama motoci a hanyar Ajingi ta ratsa shi, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Kwazazzabo ya taso, Malam Umara ya rufe ido ya fara kalmar shahada, ta sauka ta hau tana lilo kamar shimfiɗar jariri. A Ajingi mata suka watsar da tallan fura da suka ga maƙeri da baƙin walkinsa yana tuƙi. A Gafasa ba su ko kashe inji ba, don Kabo ya ce in ya saki sitiyarin nan ba zai iya sake kama shi ba. Suka zagaya kukar bakin gari, mai unguwa ya jefo musu damin albasa shaida, suka juyo.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da suka shigo Gaya. Ladan bai kai ga kiran salla ba. Tukur ya taka birki a gindin tsamiya, ya faɗo ƙasa ya yi sujada.

Kabo bai sauko ba. Yatsunsa sun ƙage a jikin sitiyari. Sai da Sarkin Maƙera da kansa ya zo ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan tsohon ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa sifirin falle-falle yana kasa kunne. Ya daɗe a can. Da ya fito, fuskarsa ta canja.

"Ko tsaga babu," in ji shi a hankali, kamar mai ba da labarin mutuwa. "Bakwai ɗin nan duk lafiya." Ya kakkaɓe gwiwa. "Wutarka ta tsira. Amma gobe tun da safe ka mayar wa motar mutane da hankalinta. Kuma ka je ka ga Hansai, ni ba ruwana."

"Godiya nake, ranka ya daɗe."

Kabo ya kama hanyar gida. Da ya iso lungunsu, wanda ke hannun dama, sai jikinsa ya karkata hagu da kansa, ya yi karo da katangar liman, ya tsaya dafe da goshi yana kallon ƙofar gidansa a ɗaya gefen.