Falon da Na Fasa

Shekara ashirin ina dasa tayil, sai ga Baba da rana tsaka yana cewa ban iya ba. Shi ya koya min sana'ar, shi ya sa maganar ta yi min zafi. Ya zo gidan da nake aiki, ya tsaya bakin ƙofa, ya kanne idon hagu yadda ya saba, ya ce, "Layin nan ya lanƙwashe. Fasa shi."

A gaban mai gida fa! Na ja igiya na ɗaure tamau, ya ce igiyar ma a karkace take. Falo guda na farfasa da hannuna don kada in ƙaryata ubana a bainar jama'a, mai gidan kuma ya nemi wani mai tayil. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma sama-sama.

Da ganin Baba ya fara raguwa, ƙanwata ce ta matsa a kai shi asibitin ido, ni direba kawai na yi musu. Aka ɗiga masa magani, ya ɗora haɓa a jikin na'ura, aka ɗauki hoton can cikin idon. Likita ta juyo mana da allon.

"Kun ga nan? Sababbin jijiyoyin jini ne suka tsiro a bayan ido, inda gani ke sauka. Suna yoyo, wurin ya kumbura. Mai wannan ciwo, miƙaƙƙen layi a lanƙwashe yake ganinsa. Tun yaushe abin ya fara?"

Ƙanwata ba ta sani ba. Ni kuwa na san ranar, har da falon.

"Wata bakwai," na ce.

Likita ta ajiye biro. "Idon daman ya riga ya yi tabo. Da kun zo da wuri, da allura ta tsayar da shi. Na hagun za mu yi ta lura."

Zuciyata ta tafasa, na rasa wanda zan shaƙe sai kaina. Mutumin da ke hango kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ce igiya ta karkace, ni sakarai ban ji komai ba sai cin fuska!

A baranda Baba ya kamo hannuna.

"Falon nan, a miƙe yake?"

"A miƙe yake, Baba."

"Kuma ka sani?"

"Na sani."

"To don me ka fasa, ba ka kawo ni nan ba?"