Ɗigon Gishiri a Ledar Ƙirjin Agwagwa

Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana duba kurakuran rubutu a maɗaba'a, kuma ko da ya ajiye aiki idonsa bai ajiye ba. In ka miƙa masa kwalin ashana, sai ya karanta gaba da baya kafin ya ƙyasta. Tun rasuwar matarsa ya koma wurin babban ɗansa, direban motar asibiti, a hawa na biyu na wani dogon gini. Aka ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon tashar bas.

Matar ɗan a kamfanin sarrafa nama take aiki, a ɗakin gwaji. Ita ke auna abin da ke cikin kowane abinci kafin a rufe shi a leda: furotin nawa, kitse nawa, gishiri nawa. Shi ya sa Baba ke kiranta Mai Awo, har sunan ya bi ta.

Likita ya kafa wa Baba doka biyu. Jininsa ya yi ƙasa, sai ya riƙa cin abin da zai ƙara shi. Yana kuma da hawan jini, sai ya rabu da gishiri.

"Ka ji ikon Allah," in ji Baba. "Jinin ya yi kaɗan, ɗan da ya rage kuma hawa yake yi."

Tun daga nan ake ware masa miyarsa lami. Yakan cinye ba gardama, sai dai ya gode wa Mai Awo da muryar mai karɓar gaisuwar ta'aziyya.

Wata Litinin ta dawo da leda huɗu na sabon kayan da kamfaninsu zai fitar, ƙirjin agwagwa da aka jiƙa cikin kayan ƙamshi, sai dai a soya kawai. An raba wa ma'aikata su ɗanɗana a gida. Ta jera su a firij, ta ce wa mijinta, "Namu ne, ban da Baba." A satin nan tun asuba take fita, sai magariba. Mijin kuwa aikin yamma gare shi, don haka abincin rana na hannunsa.

Washegari yana ɗora kasko, sai ga Baba a ƙofar kicin da tabarau a karan hanci. Ya ɗauki ledar yana karanta takardar jikinta da ƙarfi.

"A kowane giram ɗari, furotin giram sha tara. Ga sinadarin ƙarfe, wanda likita ya ce in nema. Gishiri kuwa, sifili da ɗigo ɗaya takwas. Wannan ai ko jariri ya ci."

"Baba, ta ce ban da kai."

"Ta faɗa da baki. Wannan kuma aikin hannunta ne. Tsakanin baki da takarda, wanne alƙali ke karɓa?"

Ɗan ya sosa ƙeya, ya sa masa yanka huɗu a faranti.

Da lomar farko Baba ya gane. Wata bakwai rabonsa da gishiri, harshensa ya zama kamar ma'auni. Ya sake jawo ledar, ya ga a jerin kayan haɗi gishiri ne na biyu bayan nama, ya riga citta da tafarnuwa. Babu yadda za a yi adadin ya zama haka. Ya tauna a hankali, ya lumshe ido, ya kai loma ta biyu. Laraba ma ya ci. Alhamis ya ci, duk da ƙeyarsa ta fara yi masa nauyi.

Ran Alhamis ɗin ɗan na hutu, su uku suka zauna cin abincin yamma. Mai Awo ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

"Alhamdulillahi, na huta," ta ce. "Na sa hannu. Gobe da safe za a tura takardun agwagwar nan maɗaba'a, guda dubu hamsin."

Baba ya ajiye cokali. Ya tashi ya shiga ɗakinsa, suna jin yana buɗe durowa. Ya dawo da leda ɗaya da ya wanke ya shanya ya miƙar da ita sumul, ya ajiye a gabanta. An zagaye layin gishiri da jan biro.

Ta duba, ta sake dubawa, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗaya da ɗigo takwas ne. Ɗigon ya matsa wajen bugawa. Sau uku na karanta layin nan, Baba, sau uku!"

"Ba laifinki kaɗai ba ne, 'yata. Wanda ya san amsa, abin da ke kansa yake karantawa. Shi ya sa ake ɗaukar irinmu aiki."

Ta ɗauki waya ta fita baranda. Suna jiyo ta tana ba manaja haƙuri, tana maimaita lambar. Da ta dawo ta zauna, ta sha ruwa, ta ce an dakatar da bugun. Sai kuma ta tsaya tana kallon ledar.

"Baba, yaya aka yi ka gane?"

Mijin ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"Ido ne," in ji Baba. Ya gyara zama. "Da ɗan taimakon harshe."

Ta miƙe ta buɗe firij. Leda ɗaya ta rage.

Ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura masa a damtse. Jinin ya hau, amma bai kai na tafiya asibiti ba. Ta juya kan mijinta.

"Kai kuma, mai tuƙa marasa lafiya! So kake ka ɗauki Baba a motar taka?"

"Wallahi takarda ya nuna mini."

"Ƙyale shi, ni na rinjaye shi," in ji Baba. "Tun ranar farko na sani. Kwaɗayi ne, na ce bari in ɗan more kuskuren kafin in gyara. Da kika ce dubu hamsin sai na tuna tsofaffin da muke layi tare a asibiti. Kowa da tabaransa, yana karanta leda kamar ni. Ni dai na san abin da nake ci. Su kuwa yarda za su yi da ke."

Ta share ido da gefen mayafi. "Da ka ce mini kana sha'awa ai da na yi maka naka."

"Kunyarki nake ji. Kina dawowa a gajiye."

Ran Asabar ta je kasuwa ta sayo ɗanyen ƙirjin agwagwa. Baba ya jawo kujera ƙofar kicin ya zauna. Ta tsattsaga fatar da wuƙa, ta kifa ta a kasko ba mai, ta rage wuta.

"Yawancin kitsen a ƙarƙashin fata yake," ta ce. "In ya narke sai a tsiyaye. Tsokar ita ce taka, ita ce mai ƙara jinin."

Ta daka citta da tafarnuwa da masoro, ta goga ɓawon lemo, ta matsa ruwansa a kai. Ƙamshi ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko baƙi aka yi. Gishiri kuwa, da ɗan ƙaramin sikelinta ta auna shi, abin da bai cika bakin cokalin shayi ba, Baba na miƙa wuya yana kallon lambar.

"Ƙara kaɗan mana, Mai Awo."

"A'a."

Ya ci yanka na farko, ya daɗe yana taunawa.

"To, ya ka ji?"

"Da sauran gyara," ya ce, ya tura mata farantin ta ƙara masa. Ta ƙara biyu, ta kira mijinta ya zo ya wanke kaskon.