Yadda Baban Auta Ya Je Makaranta

Shekara huɗu ke nan Baban Auta yana shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai, kuma jawabinsa guda ɗaya ne, kwanan wata kawai yake canzawa. A cikin jawabin yakan taka mil bakwai ba takalmi, ya riga mai kaɗa ƙararrawa isa makaranta, ya zo na ɗaya. Wata shekarar mil ɗin ya kai tara. Ba wanda ya tanka, don an san hanya takan ƙara tsawo bayan mutum ya sayi mota.

Ana nan sai aka kawo wa 'yan aji huɗu sabuwar malama. Ta karanta musu wani ɗan littafi mai hotuna, labarin wata yarinya da kakanta, ta ce kowa ya je ya yi irinsa. Ya zauna gaban wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya tambaya, ya rubuta. Shafi takwas, zane a sama, jimla ɗaya a ƙasa. Ranar taron iyaye kowa zai karanta nasa.

Wadda ta fi kowa tsufa a gidan Baban Auta mahaifiyarsa ce. Kunnenta ya yi nauyi, amma ba abin da ta manta.

Ya dawo daga ofis da la'asar ya tarar da tsohuwar a ƙofar ɗakinta tare da 'yarsa Auta, 'yar aji huɗun, wadda ta yi rub da ciki a tabarma, fensirori masu launi a watse.

"Kaka, mutum nawa suke ɗaukar Baba zuwa makaranta?"

"Biyu. Kawunsa ya kama ƙafafu, mai wanki ya kama hannuwa. Ran Litinin sai an nemo na uku."

"Makarantar da nisa?"

"Wane nisa? Katangarmu ɗaya. Ina shanya ina jin ihunsa."

Baban Auta ya ajiye jaka. "Inna, wannan ai maganar cikin gida ce."

"Me ka ce?"

"Na ce a ba yarinya abin da zai amfane ta."

"To ai shi nake ba ta. Ke, rubuta. Aji uku sau biyu ya yi, har malamin ya ce sun zama 'yan uwa."

Bai ja maganar ba. Shi shugaban sashe ne, kowace wasiƙa sai ta bi ta ƙarƙashin bironsa, ya san ba a gyara takarda a gaban wanda ya rubuta ta. Washegari ya zare littafin daga jakar Auta ya tafi da shi ofis. Ya buga sababbin jimloli takwas, ya yanka su da almakashi, ya manne kowace a kan rubutun fensirin. Zanen kuwa bai tsaya kallo ba. Shekara ashirin yana karanta wasiƙa yana bar wa ƙananan ma'aikata abin da aka liƙa a bayanta, ba a kan jagwalgwalon yara zai fara ba.

"Na gyara miki kurakuran rubutu," ya ce wa Auta.

Ta buɗe, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta dube shi. "To, Baba."

Ranar taro zauren ya cika, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma a kan manyan baƙi. Baban Auta yana tsakiyar babban teburi, bayansa na bango. A wannan bangon Malama ta saita na'urar haska hoto, don na baya su ga kowane shafi.

Auta ta miƙe ta fara. "Hanyar makaranta tana da wuya, amma babana bai taɓa juyawa ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Baban Auta ya gyaɗa kai. Jimlar ta yi masa daɗi tun a ofis.

"Kullum da rakiya yake tafiya, saboda mutane suna alfahari da shi."

Wata mata a layin gaba ta toshe baki da mayafi. Mai kemis ɗin unguwa ya duƙa kamar ya yar da wani abu.

"Malamansa suna ƙaunarsa, ba sa son rabuwa da shi."

Nan dariya ta ɓarke. Sai a lokacin ya waiga. A bango, da girman ƙofa, ga wani ƙaton yaro a benci cikin ƙanana, hawaye shuɗi har ƙasa, an rubuta Aji Uku sau biyu a saman kansa. Don kada a yi kuskure, Auta ta sa masa gilashin da yake sanye da shi yanzu.

"Wannan shi ne abin da na koya musu," in ji Malama, fuskarta ba alamar wasa. "A littafin yara, abin da rubutu ya ji nauyin faɗa, hoto yake faɗa. Mun gode wa duk wanda ya buga mata da na'ura."

Tsohuwa, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba amma ta ga komai, ta ce da ƙarfi, "Ai ta rage masa kunnuwa."

 Baban Auta ya sunkuyar da kai, kuma daga nan ƙasa ne ya hango ma'ajin ƙungiyar yana tura littafin ɗansa ƙarƙashin riga. Can gefe wani uba yana buɗe na 'yarsa da sauri, yana duba saman shafi. Mai kemis ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya ja, a bar sauran zuwa wani zama.

Baban Auta ya jawo makirufo, ya hura, ya gyara gilashi.

"Yara talatin da biyu ne suka wahala," ya ce, "ba za mu tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Maigadi, jawo ƙofar nan. Malama, a fara da na ma'aji."