Fari Ne Abokin Gabarmu

Tashar Fitilar 'Yanci ta mutu a shekarar 2010, kuma ko kare bai yi mata haushi ba. Wasu attajirai ne suka kafa ta a wani tsohon sito kusa da Woodbridge a Amurka, don su sami inda za su zagi haraji da gwamnati, su yabi bindiga da zamanin kakanninsu. Bayan harin sha ɗaya ga Satumba sai suka gano cewa tsoro ya fi haraji kasuwa, suka koma kan baƙi da Musulmi. Sau biyu ana sauya wa tashar suna, masu kallo dai suna ta zarewa. Ranar da aka rufe ta, kafin la'asar har an fara tallan tukwane a gurbinta.

Muntaka ya yi shekara tara a wannan gida yana yankan hoto da haɗa sauti. Mutumin Dakoro ne, ta ƙasar Nijar. Abokansa da ke aiki a sashen Hausa na rediyo sukan tsokane shi a wajen suna ko walima: "Kai kuma me ya kai ka gidan masu zaginmu?" Sai ya ce shi da inji yake aiki. Gaskiyar ita ce tashar ce ta tsaya masa a kan takardar zama, da shi da matarsa Hansatu da 'yarsu Aliyya, kuma takardar ba ta fito ba tukuna.

A 2005 yunwa ta afka wa Nijar. Muntaka ya je gida da ƙaramar kyamara, ya ɗauki mahaifinsa, Malam Ubale, tsaye a gonar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Tsohon ya yi magana kusan minti huɗu, a natse, ba roƙo ba kuka. Ya lissafa rijiyoyin da suka ƙafe, ya ambaci awakin da aka sayar. Abin da ya buɗe da shi shi ne, "Fari ne abokin gabarmu, shi ya kashe mu."

Muntaka ya dawo da kaset ɗin yana murna, shi a dole ya samo wa garinsu taimako. Ya miƙa wa Constance, mai shirya shirin yamma, tare da fassarar da ya rubuta da hannunsa. Washegari ta kira shi ofis, da ƙamus buɗe a gabanta da wani ya aro mata. Ta ɗora farce a kan kalmar.

"Nan an ce *fari* launi ne, launin fatata," in ji ta da Turanci.

"Madam, kalmomi biyu ne, rubutu ne ya haɗa su. Wanda baba yake nufi rashin ruwan sama ne. Ba ma haka muke kiran Bature ba."

"Littafin ƙarya yake yi?"

"Duba ƙasa kaɗan, ɗayar ma tana nan."

Ba ta duba ba. Ta riga ta ga abin da take so, ta rufe littafin. Ta ce labarin yunwa kowace tasha tana da shi, amma tsohon Musulmi da ya fito fili ya ce farar fata ne abokin gabarsu, wannan nasu ne su kaɗai. Sannan ta yi murmushi ta ce muryarsa za a ɗora a kan ta tsohon, don harshensa zai sa a ji abin na can ne. Tana tattara takardu ta tambaye shi, kamar hira, ko lauyan tashar ya kira shi kan maganar takardarsa.

Wallahi ya so ya ƙi. Ya tsaya a ɗakin ɗaukar murya, da fassarar Constance a hannunsa, ya tuna Aliyya da ke aji biyu a makarantar Greenbelt. Ya karanta. Sau biyu ma, domin na farko an ce bai sa zafi ba. Shi da kansa ya zauna a kan inji ya danne muryar ubansa, ya ɗaga tasa.

An yi wata guda ana maimaita hoton. Ko buhun gero ɗaya bai je Dakoro ba ta dalilinsa. Takardar zama ta fito da bazara. Malam Ubale ya rasu da kaka, yana sa wa ɗansa albarka don ya kai kukansu Amurka. Muntaka bai gaya wa kowa ba, har Hansatu. Da aka rufe tashar ya je neman kaset ɗinsa na asali, aka ce ai tuni aka ɗauki wani abu a kansa. Ya ji zafi, ya kuma ji sanyi, tunda a ganinsa abin ya bi tashar kabari.

Shekara bakwai bayan haka, wata Asabar da hantsi, Aliyya ta dawo daga makaranta a College Park da kwamfuta a hammata. Tana rubutu ne kan tashoshin 'yan mazan jiya da suka mutu, kuma wani ya zuba tsofaffin shirye-shiryen Fitilar 'Yanci a intanet. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ranar dai da Hausa ta fara.

"Baba, na ga Kaka! Fuskarsa irin ta hoton falo. Ban danna ba, na ce sai muna tare."

Ba ta taɓa jin muryarsa ba, domin tana jaririya aka baro gida da ita. Hansatu ta fito daga kicin tana goge hannu. Yarinya ta danna.

Ga tsoho a gona. "Fari ne..." in ji shi, sai muryarsa ta nutse, wata ta hau kanta da Turanci, da zafi, tana cewa farar fata ne abokin gaba.

Aliyya ta mayar baya, ta ƙure sauti, ta kara kunnenta, ko za ta tsinci kakanta a ƙarƙashi. Babu komai sai kalmomin nan biyu. Ta sake mayarwa. A karo na uku ta daina neman ta ƙasa, ta saurari ta sama. Ta ɗago a hankali.

"Baba, me Kaka ya ce?"

"Ruwa ne ba a yi ba," in ji Muntaka. "Maganar ruwa yake yi."

Ta dube shi, ta rufe kwamfutar, ta koma Turanci.

"To wannan da ya yi magana a kansa fa, shi me yake nufi?"