Sakatar Bindigar Maidaji

"Ka ce mashi barci nike," in ji Maidaji, ya tura mini wayar da ƙafa.

"Ba na yi wa kowa ƙarya, Baba, ko da don mai jinya ne," na ce.

Maƙwabcina ne a benen da muke haya a unguwar Sanyuanli, nan ƙasar waje. Mutumin Maraɗi, tsohon maharbi, ya ƙare yana ɗaure wa 'yan kasuwa dilar kaya a kasuwar Shahe. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, waɗanda ya yi wa ɗauri duk suka ɗauke ƙafa. Ni nake kai masa kunu.

Wanda ke kiran kuwa ɗansa ne, Tankari. An sace masa shanu can gida Maraɗi, ya ɗora zargi kan wani makiyayi, ya rantse sai ya harbe shi. Bindigar uban tana rataye a ɗaki, amma ba ta tashi. Al'adar Maidaji ce, in zai yi tafiya sai ya zare sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi, ya ɓoye inda shi kaɗai ya sani.

Na buɗe muryar wayar.

"Baba, ina ka sa ta?" in ji Tankari.

"Meyo," in ji tsohon, yadda masu shago a nan suke cewa babu. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

"Wasa ma kake? An maishe ni abin dariya a gari! In ba ka hwaɗa ba, kada ka sake nema na."

"To, Allah shi yi ma albarka."

Yaron ya kashe wayar. Uban da aka faɗa masa yana mutuwa! Ban ga tarbiyya a nan ba, kuma na faɗa.

"Bar shi, Malam Kallamu," ya ce. "Bindigar nan, uwarta ta soja ce. Aka rage mata nauyi, aka gyara ƙota, aka ce ta tahi daji ta ci barewa. Tun da na saye ta ba ta taɓa duban mutum ba. Ba a hannun ɗana za ta koma sana'ar uwarta ba."

"Ko ni ka faɗa wa."

"Kai da ba ka iya ƙarya? Yana tambaya za ka hwaɗa."

Kwanakin da suka biyo, kullum wayar tana kan ƙirjinsa. In ta yi ƙara sai ya zabura, ya tarar tallan kamfanin jigila ne. Na kira Tankari da kaina, bai ɗauka ba.

Ranar Laraba bayan la'asar na shiga da kunu. Idonsa a rufe, hannun damansa yana motsi a kan bargo: ya ɗaga, ya ja baya, ya tura, ya kwantar, kamar mai jan sakatar bindiga. Na zauna ina laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓensa ya bi ni. A ƙasa ana ta jan kurar kaya, ana ciniki.

Hannun ya ɗaga, ya ja baya, ya tsaya nan. Numfashin ma ya tsaya. Na kama shi na miƙar masa da yatsun, na sauke wayar daga ƙirjinsa na ajiye gefen kofin kunun.