Manhajar da Baba Ladan Ya Zaɓa

Shekara shida Furera ta yi tana sayar da inshorar lafiya a Takoma Park, a jihar Maryland kusa da Washington, kuma duk shekarun nan da hannu take neman farashi. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon ɗinki: tebur, kujeru uku, da kabad ɗin ƙarfe mai makulli. Ba ma'aikaciyar kowa ba ce, lasisinta na kanta ne, kamfanoni biyar take kai wa mutane. Idan mutum ya zo, sai ta buɗe shafin kamfani na farko ta zuba shekarunsa da unguwarsa, ta rubuta farashi a takarda, ta koma na biyu, haka har na biyar. Kafin ta gama, shayin baƙo ya huce, shi kuma ya fara leƙen taga, don yawancin mutanenta direbobi ne da suka ajiye mota a inda ba a yarda a daɗe ba.

A farkon shekarar 2011 ta ce ta gaji. Sauran dillalai duk sun koma amfani da manhajar da ake zuba wa bayanin mutum sau ɗaya a intanet, ta jero farashin kamfanoni gaba ɗaya kafin a ƙifta ido. Ita ma ta shiga nema.

Furera mace ce mai bin diddigi, irin waɗanda ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙasa kafin su haɗiyi ƙwaya ɗaya. Mako uku ta yi tana gwaji. Manhaja ta farko ba ta san rabin kamfanonin Maryland ba. Ta biyu kuwa sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Ta uku ce ta kwanta mata a rai, duk da tsadar kuɗin wata, saboda wata mata mai suna Edna da ke amsa waya a kamfanin ta gaya mata ba kwana-kwana cewa bayanan mutanenta nata ne ita kaɗai, ta kuma turo mata shafin yarjejeniyar da aka rubuta haka. Furera ta karanta shi sau biyu, ta yanke shawara.

Saura abu ɗaya, kuma a wurinta ba shawara ba ce, neman albarka ne. Ba ta taɓa yin wani abu babba a sana'ar nan ba tare da ta sanar da Baba Ladan ba. Aminin marigayi mahaifinta ne tun suna samari a Zariya. Shi ya tarbe ta a filin jirgi ranar da ta sauka ƙasar nan, shi ya zaunar da ita a falonsa ya yi ta yi mata bita har ta ci jarrabawar lasisi. Yana da babban ofishin inshora a Upper Marlboro mai ma'aikata shida. Ta kira shi ta gaya masa, tana jiran ya ce Allah ya sa albarka.

"Ki biya kuɗi duk wata ina raye?" in ji shi. "Haba, 'yata. Kada ki sa hannu. Gobe ina nan tafe."

Ya kuwa zo, da babbar riga da ledar dabino. Ya ja kujerarta ya zauna gaban kwamfutar, ya buɗe wata manhaja da ba ta cikin ukun nan. Ya ce ita yake amfani da ita, kyauta ce, zai buɗe mata reshe a ƙarƙashin nasa. Tana da kyau, ba ƙarya, ga sauri. Da aka zo shafin yarjejeniya, dogon rubutu ƙanana-ƙanana, ya miƙe ya ba ta kujera, ya tsaya a kanta yana tauna dabino.

"Danna nan, shi ke nan."

Idonta ya so ya bi layin farko, hannunta ma ya tsaya. Amma ta yaya za ta zauna tana tantance rubutu, mutumin da ya tsaya mata a matsayin uba yana tsaye a kanta, bayan ya tuƙo mota kusan awa guda don ya yi mata alheri? Ai kamar ta ce masa ba ta yarda da shi ba ne. Kunya ta rufe ta, ta danna. Matar da ba ta shan ko maganin mura sai ta karanta, ranar nan ba ta karanta kalma goma ba. Ta raka shi har mota tana godiya, washegari ta kira Edna ta ba ta haƙuri.

Wata huɗu abin yana tafiya lafiya lau. Direbobi suka daina leƙen taga.

A cikin watan Yuni Hamissou ya zo. Mutumin Maraɗi ne, direban tasi a Washington, dogo, mai magana a hankali. Su biyar ne a gida ɗaya a Langley Park, duk direbobi 'yan Nijar, tukunya ɗaya, wayar tebur ɗaya, kuma shi ke ja musu salla. A lokacin kamfanonin inshora sai sun tambayi mutum ciwonsa da maganin da yake sha, kuma suna iya ƙin karɓarsa a kan haka. Da Furera ta zo kan wannan tambaya, Hamissou ya tashi ya tura ƙofa ya rufe, ya dawo ya zauna.

"Hajiya, abin da zan hwaɗa miki, a ɗakin nan zai tsaya?"

"A nan zai tsaya, Malam Hamissou. Wallahi daga ni sai kamfanin da ka zaɓa da kanka."

Sai ya faɗa. Shekara biyu da suka wuce wani fasinja ya ɗora masa bindiga a wuya. Bai ji rauni ba, amma tun ranar barci ya ƙaurace masa, hannunsa kan kama rawa idan wani ya zauna daidai bayansa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne ya ɗora shi a kan magani, ya samu sauƙi ƙwarai. Kwalbar maganin a cikin safa yake ɓoye ta, a ƙasan akwati. Ya san mutanensa: ba za su ce ya tsorata ba, cewa za su yi ya taɓu.

Furera ta tausaya masa har cikin ranta. Ta zuba komai a manhajar, sunan maganin da sunan likitan, da lambar wayar gidansu, don ta aljihunsa yakan canza ta. Ta ce ya ba ta kwana biyu ta duba wanda zai karɓe shi.

A kwana na uku ya dawo da baƙar leda a hannu. Ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, gida da aiki da gajiya, bai rage komai ba. Sannan ya ciro na'urar ɗaukar saƙo ta wayar gidansu, ya nemi soket ya jona, ya danna.

"Salamu alaikum, Malam Hamissou. Ladan ne, daga ofishin inshora na Upper Marlboro. Na ga bayananka. Kamfanonin da ake nema maka ba sa karɓar mai shan maganin ƙwaƙwalwa, amma kada ka damu, ni ina da wanda zai karɓe ka. Kira ni a wannan lamba."

Tun daga sallamar Furera ta gane muryar.

"Muna cin abincin rana munka ji shi," in ji Hamissou. "Mu biyar, hannu cikin kwano. Ɗan Azumi ya danna, shina jiran saƙon ƙanensa. Da Hausa hwa, Hajiya. Da Turanci ne ma, da biyu cikinsu ba su gane ba."

"Malam Hamissou, ban ba kowa ba. Ban..."

"Ban ce kin ba. Tambaya niz zo yi. Wane ne wanga mutum, kuma ina ya san safata?"

Ta roƙe shi ya ba ta zuwa Litinin.

Ranar Asabar da hantsi ta kama hanyar Upper Marlboro. Tana tuƙi tana nema masa uzuri, abin da ya fi ba ta haushi daga baya ke nan. Wataƙila kuskure ne, wataƙila wani ma'aikacinsa ne ya miƙa masa takarda bai san daga ina ta fito ba. Ta same shi a bayan gida yana ba tumatirinsa ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, don ƙafafunta ba su san wata hanyar ba. Sannan ta gaya masa abin da ya kawo ta.

Ko tiyon bai ajiye ba.

"Au, direban nan? Ai taimakonsa na yi niyya. Kamfanoninki biyar ba mai ɗaukarsa, ni ina da goma sha biyu."

"Baba, ta yaya bayanansa suka zo hannunka?"

"Reshena ne ke. Duk wanda kika zuba, ina gani. In kwana biyu suka wuce ba ki rubuta masa inshora ba, tsarin yana ba ni dama in kira shi. Haka abin yake."

"Tun watan Fabrairu?"

"Tun ranar farko."

Nan take ta tuna mutanen da suka zo sau ɗaya ba su dawo ba, waɗanda ta yi ta zargin kanta a kansu, tana cewa ko shayinta ne bai yi ba, ko fuskarta. Ashe suna nan Upper Marlboro. Wannan ma da sauƙi. Akwai mata da suka gaya mata abin da ba su gaya wa iyayensu ba, akwai dattijon da ya sa ta kashe fanka don kada iska ta kai maganarsa waje. Duk Baba Ladan ya karanta, yana kuma haɗuwa da su a masallaci ranar Juma'a suna gaisawa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

Ya juyo ya dube ta da mamaki, mamaki na gaske, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

"A rubuce yake, Furera. Shafi na tara. Ba ki karanta ba? Ni da bakina na koya miki kada ki yarda da takardar da ba ki karanta ba."

Ta buɗe baki ta ce masa don shi ne ba ta karanta ba, don yana tsaye a kanta, don ta ɗauke shi uba. Sai ta fasa. Ta ga idan ta faɗa, dariya zai yi ya ce yarinta ce. Ba ta taɓa jin an ci amanarta irin ta ranar nan ba, kuma wanda ya ci ɗin yana tsaye yana duba ko tumatir ya nuna.

"To a goge na Hamissou. Shi kaɗai na roƙa. A goge yau."

"Nawa zan iya gogewa," ya ce. "Amma ni ma a ƙarƙashin wasu nake. Kina tsammani don Allah suke ba da manhaja kyauta? Wanda ni ma ban rubuta wa ba, masu ita suna sayar da sunansa gaba. Ya riga ya wuce." Ya kashe famfo. "Shigo ki ci abinci, an yi dambu."

Ba ta shiga ba. Karo na farko ke nan da ta bar gidan ba ta yi wa matarsa sallama ba.

Litinin da safe Hamissou ya zo, bai zauna ba. Ta tambaye shi gida, ya ce lafiya lau, sannan ya faɗi gaskiya. Ba wanda ya ce masa komai, kowa sai sannu yake yi masa kamar mai jinya. Da lokacin salla ya yi, Ɗan Azumi ya wuce gaba ba tare da ya dube shi ba. Wuƙaƙen kicin sun ɓace daga inda ake ajiye su. Jiya kuma yayarsa ta kira daga Maraɗi tana kuka, wai a dawo da shi gida a yi masa rubutu. Ban da haka, wayar gidan ba ta huta ba tun Juma'a, Turawa ne iri-iri ke kira suna tambayarsa da suna.

Furera ta gaya masa komai, ba ta rage laifin kanta ba. Ya saurara har ta gama.

"Ba ni takarduna, Hajiya."

Ta buɗe kabad ɗin ƙarfen da makulli, ta ciro fayil ɗinsa, shafi uku, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya duba ya tabbatar nasa ne, ya naɗe ya sa a aljihun riga. Sai ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Na cikin wanga hwa? Shi ma ba ni."

"Ba ya hannuna, Malam Hamissou."

"Hannun tsohon nan yake? In je in roƙe shi."

"Ya wuce hannunsa."

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa, ita kuwa da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

"To hannun wa yake? Ki hwaɗa mini sunan mutum guda, ko ina yake cikin ƙasar ga, ina da mota."

Furera ta dubi allon kwamfutar, ta dube shi.

"Ban sani ba," ta ce.